Ƙafa ta mutu, baki na magana: yadda ciwon ƙoda ke zubar da potasiyom har numfashi ya tsaya

Duk wanda ya san kasuwannin ƙasar Magariya da Dungas ya san irin matan nan da ba su san zama ba. Tun asuba sun ɗaura ɗamara, yau suna Bande, gobe suna Waca, ranar Alhamis kuma sun ƙetara iyaka sun nufi Maigatari. Ɗaya daga cikin irin waɗannan mata ce, wata baiwar Allah mai awon wake da gero da shekarunta ba su wuce arba'in da biyar ba, ta sa muka ɗauki alƙalami a wannan mako. Ɗanta ne ya fara kiran mu a shirinmu na kiwon lafiya a gidan rediyo, daga baya kuma muka je har gida muka gaishe ta, ta ba mu labarin da bakinta, da sharaɗin kada mu ambaci sunanta ko na garinsu.

Wata safiya ce ta bazara, ta farka za ta yi alwala, sai ƙafafu suka ƙi ɗaukar ta. Ba ta faɗi ba, ba ta ji ciwo ba, babu zazzaɓi, hankalinta garau, tana magana da kowa, in an tsungule ta tana ji, amma ko tsugunno ba ta iya tashi daga gare shi. Wannan shi ne karo na uku a cikin shekara biyu. A karo biyun farko an yi tofi, an yi hayaƙi, an shafa mai, bayan kwana biyu ko uku ta miƙe ta koma kasuwa, sai kowa ya tabbatar a ransa cewa iska ce ta taɓa ta kuma ta sake ta. A wannan karon sai abin ya ƙi sauka. Da azahar hannuwa suka bi sahu, ko moɗa ba ta iya ɗagawa. Da la'asar wuya ya saki. Bayan isha'i sai ƴarta ta lura cewa Inna ba ta iya ƙarasa magana sai ta tsaya ta ja numfashi, in an kwantar da ita rigingine kuma sai ta riƙa nuni da ido a tayar da ita.

A amalanken shanu aka kai ta gidan likita mafi kusa, daga nan aka tura su gaba, har suka dangana da babban asibiti a birni. Can aka ɗebi jininta aka auna, likita ya shaida wa ƴaƴanta cewa wani gishiri da ake kira potasiyom ya kusa ƙarewa a jinin mahaifiyarsu, kuma da sun ƙara kwana ɗaya a gida, da wuya su same ta da rai. Aka sa mata iska ta hanci, aka ɗaura mata ruwa mai ɗauke da wannan gishiri yana ɗiga a hankali, ana auna bugun zuciyarta. A rana ta biyu ta motsa yatsun ƙafa, a rana ta huɗu ta taka da kanta zuwa makewayi. Tumaki biyu da rabin jarinta ne suka tafi, amma kamar yadda ta ce mana tana dariya, mai rai shi ke cin kasuwa.

Mene ne potasiyom?

Jama'a, kada sunan ya ba ku tsoro, abu ne da muke ci kullum ba mu sani ba. Potasiyom wani sinadari ne da ke cikin wake, gyaɗa, ganye, ƴaƴan itace, nama da nono. Wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Ingila mai suna Hamfiri Debi ne ya fara ware shi a shekarar 1807, kuma sunan da Turawa suka ba shi ya samo asali ne daga tokar itace da ake jiƙawa a dafa a tukunya, kusan irin ruwan tokar da iyayenmu ke tatsa don miya.

Aikinsa a jiki shi ne taimaka wa jijiya ta isar da saƙo ga tsoka, tsokar kuma ta amsa. Idan kin yi niyyar ɗaga kwarya, saƙo na tashi daga ƙwaƙwalwa ya bi jijiya ya isa tsokar hannu, amma tsokar ba za ta motsa ba sai ma'aunin gishirin da ke cikinta da na wajenta ya daidaita. Zuciya tsoka ce, hanji na da tsoka, haka nan numfashin da muke yi dare da rana wani faffaɗan tantanin tsoka ne da ke tsakanin ƙirji da ciki yake jan sa, tare da tsokar da ke tsakanin haƙarƙari. Shi ya sa ciwon da ya fara daga ƙafa yake iya ƙarewa a ƙirji.

Ƴan kasuwa za su fi kowa fahimtar yadda jiki ke ajiye shi. Kusan kashi 98 cikin 100 na potasiyom ɗin jiki yana cikin ƙwayoyin tsoka da sauran sassa, tamkar hajar da ke kulle a sito, kashi 2 kacal ne ke yawo a jini da ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin, tamkar wadda aka baza a kan tebur. Likita tebur ɗin yake aunawa. A jinin mai lafiya awon yana tsakanin 3.5 da 5.0. Idan ya yi ƙasa da 3.5 an shiga ƙaranci, idan ya sauka ƙasa da 2.5 an shiga haɗari. Kuma duk ɗan kasuwa ya san cewa ranar da tebur ya fara bushewa alhali kullum ana ɗebowa daga sito, to siton ma ya daɗe da yin rami.

Ƙoda, mai tsaron ƙofa

Allah Ya ba kowannenmu ƙoda biyu, kowace tana da ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya. A kowace rana suna tace ruwan jini kimanin lita 180, wato jarka mai lita 20 guda 9, amma abin da ke fita a matsayin fitsari bai fi lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Sauran duka ƙodar ce ke mayar da shi cikin jiki tare da gishirin da jiki ke buƙata. Aikinta ya yi kama da na ma'aikacin duwan da ke bakin iyaka a Tinkim, wannan kaya ya wuce, wancan ya koma. Kusan kashi 90 cikin 100 na potasiyom ɗin da jiki ke fitarwa ta hannun ƙoda yake bi, saboda haka in mai tsaron ƙofar ya samu matsala, sai dukiyar gida ta riƙa zurarewa a fitsari, ko da mutum yana cin abinci mai kyau.

Abin da likitoci suka gano a jikin baiwar Allah da muka ba da labarinta shi ne, ƙananan bututun ƙodarta sun gaza fitar da tsamin da jiki ke tarawa, sai tsamin ya taru a jini, potasiyom kuma yana tafiya a fitsari. Masu wannan lalura sukan yi fama da tsakuwar ƙoda da ciwon ƙashi, yaran da aka haifa da ita kuma ba sa girma yadda ya kamata, ƙafafunsu na iya gwamewa. A wajen manyan mata, sau da yawa tushen abin wata cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin kansa, wadda ake kira cutar Shogiran, sunan likitan ido ɗan ƙasar Suwidin da ya yi bayaninta a 1933. Alamarta ita ce bushewar ido da baki. Da muka tambayi wannan baiwar Allah, sai ta ce ai ta yi shekaru tana jin kamar an zuba mata rairayi a ido, ba ta iya haɗiye ƙuli-ƙuli ko busasshen biredi sai da ruwa, amma ta ɗauka ƙurar kasuwa ce da iskar hunturu. Mata sun fi maza kamuwa da wannan cuta nesa ba kusa ba, kuma a asibitocin duniya an sha samun matan da sai da aka kawo su numfashi na sarƙewa kafin a gano suna da ita.

Akwai kuma waɗanda gado ne. Likita Firedirik Bata na ƙasar Amurka ya yi bayanin wani nau'i a 1962, wanda ke bayyana tun ana jariri da yawan fitsari, ƙishirwa da rashin girma. A 1966 wani likitan Amurka, Hilel Gitilman, ya bayyana wani nau'in da ya fi sauƙi, wanda sai an tasa ko an girma yake fitowa fili, da kasala, ɗaurewar jijiya da kwaɗayin gishiri. An ƙiyasta yana samun mutum 1 cikin 40,000. Galibi sai yaro ya gaji abin daga uwa da uba duka biyu, don haka ya fi saurin bayyana a gidajen da auren zumunci ya yi yawa. Ba muna kushe auren zumunci ba ne, muna dai cewa idan ƴan ɗaki ɗaya biyu ko uku suna irin wannan faɗuwa, a faɗa wa likita.

Nau'i na uku ya shafi masu hawan jini. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ke fitar da sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe gishirin miya ta saki potasiyom. Idan wannan sinadari ya yi yawa, sai jini ya hau, potasiyom ya sauka. Likita Jerom Kon ne ya bayyana wannan a Amurka a 1955. Duk mai tansiyon da ya ƙi jin magani biyu ko uku, ga kuma kasala da yawan tashi fitsarin dare, ya dace a auna masa wannan gishiri.

Abin da muke saya da kuɗinmu

To sai dai, gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Waɗancan cututtuka ba su da yawa. Abin da ya fi zubar da potasiyom a garuruwanmu yana nan a kan tire da kwali da bayan keke, a cikin kasuwannin da muke ci kullum.

Na farko shi ne maganin sa fitsari, irin su Lasix, wanda sunan sinadarinsa furosemid. Magani ne mai amfani ƙwarai ga masu ciwon zuciya da kumburi idan likita ne ya rubuta, kuma likitan yakan bi da awon jini. Amma yau mace na zama a rumfa tun safe har yamma, ƙafa ta ɗan kumbura, sai maƙwabciyarta ta miƙo mata ƙwaya biyu. Kumburi ya saɓe, ta ji daɗi, ta mayar da shi abin sha kullum. Kowane fitsari da wannan ƙwaya ta jawo yana tafiya da potasiyom.

Na biyu magungunan ƙiba, musamman deksametazon da ƴan uwansa, da ƴan mata da amare ke sha don su ciko. Dangin wannan magani suna sa jiki ya riƙe ruwa da gishiri, suna tayar da hawan jini da ciwon sukari, suna cinye tsokar cinya, wasunsu kuma na ƙara zubar da potasiyom. Kumatu ne ke cika, ƙarfi na tafiya.

Na uku magungunan wankin ciki, na Bature da na gargajiya irin su filasko. Sha ɗaya ba ya kashe mutum, amma wanda ya mayar da gudawa al'ada duk mako da sunan fitar da dattin ciki, yana zubar da potasiyom ta hanji. Haka nan yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak ba bisa ƙa'ida ba, wanda ƴan dako da masu kabu-kabu suka mayar kamar goro, yana raunana ƙoda. Allurar jentamisin da ake yi barkatai ita ma tana iya taɓa bututun ƙoda. Masu juna biyu da ke yawan cin farar ƙasa su ma su yi hattara, domin likitoci sun samu matan da yumɓu ya riƙe musu potasiyom a hanji ya hana shi shiga jini.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa samu ba. A ƙasar Sin, a shekarun 1970, an gwada wani sinadari da ke cikin ɗanyen man angurya a matsayin maganin tsarin iyali na maza, sai aka tarar yana sa ƙodar wasu zubar da potasiyom har su shanye na ɗan lokaci, wannan na cikin dalilan da suka sa aka yi watsi da shi. A arewa maso gabashin ƙasar Tailan kuwa, likitoci sun daɗe da sanin ƙauyukan manoma da ciwon bututun ƙoda, tsakuwa da ƙarancin potasiyom suka yi wa katutu.

Kanwa ba potasiyom ba ce

A nan akwai wani ruɗani da ya wajaba mu warware, tun da masu sayar da kanwa na cikin masu karanta mu. Da Turanci da Faransanci mutane kan kira kanwa da sunan da ya yi kama da potasiyom, har wani ɗan boko ya taɓa ce mana a waya ai mai wannan ciwo kunun kanwa kawai zai sha. Wannan kuskure ne mai haɗari. Kanwar da ake kawo mana daga ƙasar Manga da yankin tafkin Cadi, akasarinta sodiyom ce, wato ƴar uwar gishirin miya, potasiyom ɗin da ke cikinta kaɗan ne. Yawan sodiyom yana tayar da jini, yana kuma sa ƙoda ta ƙara sakin potasiyom. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da kwanciya a kan gado mai zafi. Ɗan abin da ake jefawa a tukunyar wake ko miyar kuɓewa daban, wanda ake damawa a cika kwarya a ba mai jego safe da yamma daban. Shi ma ruwan toka ba magani ba ne, yana da kaifin da zai iya ƙona maƙogwaro, kada a ɗura wa marar lafiya.

Yaranmu da lokacin damina

Mutanen Magariya ba sa buƙatar a ba su labarin tamowa. Tun yunwar 2005 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta fara aiki a wannan yanki tare da ma'aikatar kiwon lafiya. Idan ba a manta ba, a watan Satumba na 2018 ƙungiyar ta ba da sanarwar cewa a watan da ya gabace shi ana rasa kimanin yara 10 a kowace rana a sashen yara na asibitin Magariya, inda a lokacin yara 730 ke kwance, akasarinsu saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Allah Ya sa masu ceto ne.

Abin da ya haɗa wannan da maganarmu shi ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa duk yaron da tamowa mai tsanani ta kama yana da ƙarancin potasiyom da magneziyom a jikinsa, kuma yakan ɗauki mako biyu ko fiye kafin a cike giɓin. Idan gudawa ta haɗu da tamowa, sai ka ga yaro ya yi laƙwas, wuya ya langaɓe, ciki ya kumbura saboda hanji ya daina motsi. Kumburin ƙafa da fuska na yaro mai tamowa ba a ba shi maganin sa fitsari, yin haka na iya kashe shi. Madarar asibiti da abincin nan na gyaɗa mai suna Plumpy'Nut, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, an auna musu potasiyom da magneziyom daidai da buƙatar irin wannan yaro. Saboda haka, ƴar uwa, duk sanda kika ga wannan leda a kan tebur a kasuwa ana sayarwa, ki sani maganin wani yaro ne aka ɗauke daga bakinsa. Mai sayarwa da mai saye duk su ji tsoron Allah.

Haka kuma ruwan gishiri da sukari da ake haɗawa a gida yana da amfani in babu wani, amma babu potasiyom a cikinsa. Ƙunshin da ake bayarwa a gidan likita, wanda ake narkawa a ruwa lita ɗaya, yana ɗauke da giram ɗaya da rabi na gishirin potasiyom, shi ya sa ya fi. Manya ma abin ya shafe su, domin amai da gudawa irin na kwalara, wadda ta ɓulla a jihohin Maraɗi da Damagaram a 2021, na iya kwashe potasiyom ɗin ƙato cikin ƴan sa'o'i.

Yadda za a gane shi

Ciwon yakan fara da kasala da ɗaurewar jijiyar ƙafa da dare. Daga nan sai tashi daga tabarma ko daga sujada ya zama aiki, sai an dafa bango. Ga kumburin ciki da rashin bahaya, ga faɗuwar gaba ko jin zuciya na tsallake bugu, ga yawan fitsari da ƙishirwa. In abin ya tsananta, ƙafafu biyu su mutu tare, hannuwa su biyo baya, wani lokaci fitsari ya yi duhu kamar ruwan shayi saboda tsoka ta fara lalacewa. Wasu yakan same su ne da asuba, bayan wahalar aiki a rana ko bayan cin abinci mai yawan sukari da gari, domin sukari na kora potasiyom daga jini zuwa cikin tsoka.

Ya bambanta da shanyewar ɓarin jiki ta hawan jini, wadda ke kama gefe ɗaya, baki ya karkace, magana ta harɗe. Ya kuma bambanta da shan inna, wanda galibi yara yake kamawa bayan zazzaɓi, kuma ba ya saki bayan kwana biyu. Amma ba aikin ƴan gida ba ne su tantance, domin akwai cututtukan jijiya da ke kama da shi sak, awon jini ne kaɗai ke raba gardama. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a kai shi gidan likita a ranar.

Ga alamomin da idan an gan su ba a jiran gari ya waye: marar lafiya ba ya iya ƙarasa magana da numfashi ɗaya, ko ba ya iya ƙirga ɗaya zuwa ashirin ba tare da ya tsaya ba, tarinsa ba ƙarfi, ba ya son a kwantar da shi, wuya ya saki, yana ƙwarewa da ruwa, ko ya fara gyangyaɗi da ruɗewa. A ɗauke shi a kishingiɗe, a tokare bayansa, kada a ɗura masa komai. A tattara duk magungunan da yake sha, na kanti da na gargajiya, a tafi da su a nuna wa likita ba tare da jin kunya ba. A kuma roƙi a yi awon gishirin jini, wanda a takardar asibiti ake kira iyonogaram. Ba kowane gidan likita na ƙauye ke da na'urarsa ba, don haka in an ce ku wuce gaba, ku wuce, kada ku koma gida neman shawara.

Addu'a da tofi ba su hana zuwa asibiti. A yi su a kan hanya.

Gargaɗi biyu

Na farko, kada wanda ya karanta wannan ya je ya sayi allurar potasiyom a yi masa a gida ko a shago. Idan aka tura ta cikin jijiya da sauri, tana tsayar da zuciya nan take. A asibiti ma sirka ta ake yi, tana ɗiga a hankali, ana sa ido. Haka nan ruwan leda mai sukari da ake ɗaura wa mutane a ɗaki da sunan ƙarin ƙarfi na iya ƙara saukar da potasiyom ɗin mai wannan ciwo, ya fita daga kasala ya shiga halin mutuwa.

Na biyu, ba kowane ciwon ƙoda ne ke rage potasiyom ba. Wanda ƙodarsa ta gaza gaba ɗaya, irin masu zuwa wankin ƙoda a babban asibitin ƙasa na Damagaram, ko a Yamai, ko a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, matsalarsa akasin wannan ce: potasiyom ne ke taruwa ya yi masa yawa, kuma yawan nasa ma yana kawo kasala ya tsayar da zuciya. Irin wannan marar lafiya, dabino da ayaba da wake da za su amfani wani, shi suna iya cutar da shi. Abin da ya yi Goje ba shi ya yi Kaura ba. Mai ciwon ƙoda da mai shan maganin hawan jini su bi abin da likitansu ya tsara musu.

Magani na cikin rumfarmu

Ga mai lafiyar ƙoda kuwa, rigakafin yana nan a kasuwa, mu ne ma ke sayar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2012, ta ce babban mutum ya samu aƙalla miligiram 3,510 na potasiyom a rana, ya kuma rage gishirin miya zuwa ƙasa da giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Busasshen wake giram 100 na ɗauke da fiye da miligiram 1,000, gyaɗa wajen 700, dabino fiye da 600, ayaba kuwa da ake ta yabo wajen 360 ne. Ashe waken da ƙasar Magariya da Dungas ke nomawa ana lodawa zuwa Nijeriya ya ninka ayabar da ake kawo mana daga kudu. Ga dankali, kabewa, tumatir, zogale, yakuwa, rama, kuka, aya da nono. Matsalarmu ita ce mu sayar da waken duka, mu wuni a rumfa da shinkafa fara, taliya, lemon kwalba da dunƙulen ɗanɗano. Mai wake ta rage tiya ɗaya don gida, mai koko ta haɗa da ƙosai, ranar zafi kuma a sha ruwa sosai.

Sai dai wanda ƙodarsa ke zubarwa, abinci kaɗai ba ya riƙe shi. Baiwar Allah da muka ziyarta yanzu tana shan maganin da ke mayar mata da potasiyom yana kuma kashe tsamin jini, kullum, kuma an gaya mata ba na dainawa ba ne. Duk bayan ƴan watanni takan je birni awon jini. Ta ce abin da ya fi yi mata wuya shi ne kuɗin mota da na magani a watannin da kasuwa ta mutu, har ta taɓa tsallake mako biyu, sai da ta ji cinyoyinta sun fara nauyi ta aika ɗanta da gudu. Yanzu matan da suke adashi tare sun yarda a riƙa ba ta kwasarta a watan da za ta je asibiti. Muna ganin wannan dabara ce da sauran ƙungiyoyin mata da na ƴan kasuwa za su iya ɗauka.

Kiranmu ga hukumomin kiwon lafiya na jaha shi ne a wadata asibitocin gunduma da na'urar awon gishirin jini da kayan aikinta, domin awo ne da ba ya ɗaukar lokaci amma yana raba rai da ajali da izinin Allah. Ga ƴan uwanmu masu tallan magani kuma, mun san abinci kuke nema, amma Lasix da deksa ba alewa ba ne, wadda kuka sayar wa yau tana iya zama wadda za a ɗauka a amalanke gobe.

Da za mu yi sallama, baiwar Allahn nan ta raka mu har ƙofar gida da ƙafarta, ta cika mana leda da wake, ta ce mu gaya wa mata ƴan uwanta kada su jira karo na uku kamar yadda ta yi. Mun isar da saƙo. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.